Hasumiyar Faros: Fitilar da ta yi wa jiragen ruwa jagora sama da shekara 1,000

A gaɓar birnin Iskandariyya na Masar, kan wani ɗan tsibiri mai suna Faros, aka gina hasumiyar da ta shiga jerin abubuwan al'ajabi bakwai na zamanin da. An kammala ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma tsayinta ya haura mita 100.

Da dare akan hura wuta a ƙololuwarta, matuƙa su hango daga nesa su shigo tasha lafiya.

Girgizar ƙasa ce ta kassara ta, musamman a 1303 da 1323. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ziyarce ta a 1326, amma da ya koma a 1349 ko shiga ba ta yiwuwa. A 1477 Sarki Ƙaitbay ya fara gina sansanin soja a gurbinta.

A yankinmu ma akwai makamanciyarta: hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, wadda ayarin raƙuma ke hangowa daga sahara. Da laka aka gina ta, sai da yaɓe take ɗorewa. Tsohon masallacin Damagaram, wanda shi ma ginin ƙasa ne, ya rushe a daminar 2024.