Rage Kaya a Gidan da Ake Renon Yara

Rayuwar taƙaita kaya, wadda Turawa ke kira minimalizim, ita ce mutum ya riƙe abin da yake amfani da shi kawai, ya rabu da ragowar da gangan alhali yana da halin ajiye shi ko ma sayen wani. Ga gwauro ko ma'aurata marasa haihuwa abin ba shi da wuya sosai. Inda gizo ke saƙar shi ne gidan da ke da yara, domin kowane jariri yana zuwa ne da nasa tulin, daga gadon jinjiri da keken turawa har zuwa tufafin da zai fi ƙarfinsu cikin wata uku, ga kuma kayan wasa da dangi ba sa daina kawowa.

A Amurka wannan tunani ya fi ƙarfi, kuma ba mamaki. A 1973 matsakaicin sabon gidan da aka gina a ƙasar yana da faɗin ƙafa murabba'i 1,660. Zuwa 2015 ya haura 2,600, alhali adadin mutanen da ke zaune a gida ɗaya raguwa ya yi. Ɗakuna sun ƙaru amma kaya sun fi su ƙaruwa. Tsakanin 2001 da 2005 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas suka shiga gidaje 32 na iyalai masu matsakaicin hali, waɗanda uba da uwa duk suke aiki, suna ɗaukar hoto suna ƙirga abin da ido ya gani. A gida na farko sun ƙirga abubuwa 2,260 a ɗakuna uku kacal. A kashi uku cikin huɗu na gidajen, garejin ya cika da tarkace har mota ba ta samun wurin shiga, sai ta kwana a waje. Wani sashe na binciken ya nuna cewa matan da suka bayyana gidajensu a matsayin hargitsattsu, yanayin sinadarin damuwa a jikinsu ya fi nuna gajiya da takura. Wannan ya nuna wanda tarin kaya ya fi dannewa, wato uwa, wadda ita ce mai kwashewa da jerawa kullum.

Cikin waɗanda suka yaɗa wannan ra'ayi a tsakanin masu iyali akwai Joshua Becker. A watan Mayun 2008, a jihar Vermont, ya kwashe yini yana fitar da kayan gareji yana sharewa, ɗansa mai shekara biyar yana filin bayan gidan shi kaɗai yana jiran uban ya zo su yi wasa. Hirar da ya yi da wata maƙwabciyarsa a ranar ce ta sa ya gane cewa kayan da ya tara su ne suka raba shi da yaron. Shi da matarsa suka fara rage kaya, yana rubuta abin da suke yi a intanet, daga baya ya fitar da littattafai. Muhimmancin labarinsa shi ne ya sa ma'aunin a wurin da ya dace. Abin da ake nema ba gida fayau ba ne, lokaci ne, domin duk abin da aka saya sai an yi aikin kuɗinsa, an goge shi, an gyara shi, an kuma neme shi idan ya ɓata.

Batun kayan wasa ne ya fi jan hankalin masana. A 2018 aka wallafa wani gwaji na Jami'ar Toledo da ke jihar Ohayo, inda aka kawo yara 36 'yan wata 18 zuwa 30. Kowane yaro an sa shi a ɗaki mai kayan wasa huɗu, a wani zaman kuma a ɗaki mai goma sha shida. Da huɗun, yaran sun fi daɗewa a kan abu ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi daban-daban. Da goma sha shidan sai tsalle daga wannan zuwa wancan. Gwajin ƙarami ne, ba zai yanke hukunci a kan dukkan yara ba, amma ya dace da abin da Jamusawa suka gani tun da farko. A 1992, a garin Penzberg na jihar Babariya, aka fara shirin kwashe kayan wasa gaba ɗaya daga makarantar renon yara har tsawon wata uku, a bar musu kujeru da tebura da barguna. Manufar shirin rigakafin shaye-shaye ce tun daga ƙuruciya: yaro ya koyi jure gundura, ya yi magana da ɗan'uwansa, ya nemo mafita da kansa maimakon ya riƙa neman abin da zai ɗauke masa hankali. Shirin ya bazu zuwa makarantu da dama a Jamus da maƙwabtanta. Duk wanda ya taso yana ƙera motar kara ko yin carafke da tsakuwa ya san abin da ake nufi.

A aikace, iyalan da suka bi wannan hanya kan ɓoye yawancin kayan wasa su fito da kaɗan, bayan makonni su musanya. Idan sabon abu ya shigo, tsoho ya fita sadaka. Tufafin wa su koma ga ƙane. Abu guda da gogaggu suke gargaɗi a kai shi ne kwashe kayan yaro a ɓoye, don abin da babba ke gani tarkace ne yana iya zama abin da yaron ya fi so a duniya. Iyaye su fara da nasu, sa'an nan a zauna da yaro ya zaɓa. Mafi wahala kuwa kyautar kakanni da 'yan'uwa ce, domin mayar da hannun kyauta baya yana ɓata zumunci, sai dai a lallaba su su taimaka da kuɗin makaranta ko su ɗauki jikan yawo.

Akwai iyakar da bai kamata a manta ba. Marie Kondo, 'yar Japan da littafinta na 2011 da shirinta na Netflix a 2019 suka sa miliyoyin mutane zubar da kaya, ita kanta ta bayyana a 2023, bayan haihuwarta ta uku, cewa ta sassauta a kan tsabtace gida a kowane lokaci, zama da 'ya'yanta ya fi mata. Haka kuma rage kaya zaɓi ne na mai hali. Talakan da ke ajiye tsohon kwano ba tarin kaya yake yi ba, ya san idan ya yar ba zai iya sayen wani ba, kuma kiran rashinsa sauƙin rayuwa zalunci ne.

A ƙasar Hausa ma wannan tunani ba baƙo ba ne, malamai sun daɗe suna karantar da ƙana'a da zuhudu. Sai dai tarin kayan a nan yakan fara tun kafin a haifi yaron, daga akwatunan lefe da kayan ɗaki, jeren kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, waɗanda sau da yawa da bashi uba ya saya. Iyayen da ke shirin aurar da 'ya su duba abin da za ta yi amfani da shi a shekarar farko, su sayi wannan, ragowar kuɗin su ba ta jari ko su ajiye wa karatun jikoki.