Tsohuwar Gingimari da Aikin Zamani: Nazari a kan Jaddada Manyan Motoci a Ƙasar Damagaram

Duk wanda ya halarci kasuwannin mako na ƙasar Damagaram, tun daga Mirya da Gidimuni har ya zuwa Zermu da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, ya kuma natsu ya lura da abin da ke kawo hajar fatake da hantsi, ya kwashe buhunan hatsi da wake da bisashe bayan la'asar, zai tarar cewa kaso mai tsoka na wannan ɗawainiya bai rataya a wuyan sababbin motocin nan masu ƙyalli ba, sai a kan waɗansu tsofaffin gingimari masu guntun hanci, waɗanda da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. A Turai irin waɗannan motoci akan farfaɗo da su ne domin sha'awa, a goge, a kai su wurin baje koli. A nan kuwa ana tayar da su ne domin neman halali, saboda haka mas'alar da ke gaban mai mota da makanikensa ta fi ta Bature wuya, domin shi kamannin jiya kawai yake nema, su kuwa so suke motar jiya ta ɗauki nauyin yau.

Asalin al'amarin yana da tsawo. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, raƙumi ne ke haɗa unguwar Zango ta garin Zinder da Agadas da Tarabulus, jaki da takarkari kuwa su ne ke bin hanyar Kano. Kuma ko bayan da Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, ayari bai gushe ba yana tashi yana sauka. Abin da ya kafa babbar mota a ƙasar nan haƙiƙatan gyaɗa ce. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai gyaɗar Magarya da Matamai ta sami ƙofar teku. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya jigilar da suka kira Hirondelle domin karkatar da ita zuwa Paraku da Kwatano. Bayan samun mulkin kai kuma aka kafa SONARA a 1962 domin cinikinta, da SNTN a 1963 domin sufuri. Motocin Berliet na birnin Liyon su ne sarakunan hanya a lokacin, musamman tun da kamfanin ya aika motoci tara samfurin Gazelle a ƙarshen 1959 suka keta Tenere har Fort-Lamy, wadda a yau ake kira Njamena. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka karya wannan ciniki, Berliet ma aka haɗe shi da Saviem a ƙarƙashin Renault a 1978, amma al'ummar direbobi da makanikai da maƙeran bodi da gyaɗa ta haifa ta wanzu.

Wadda ta gaji hanya, ta kuma ƙi mutuwa, ita ce Mercedes mai guntun hanci, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, aka ci gaba da ƙera ta domin ƙasashen waje har 1995, aka kuma harhaɗa irinta a Inugu tun daga farkon shekarun 1980. Lambar da ke jikin ƙofarta sharaɗi ne rubutacce: 1113 tana nufin tan 11 gaba ɗaya, har da nauyin motar kanta, da ƙarfin doki 130, 1924 kuwa tan 19 da doki 240. Sirrin daɗewarta ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ba ne. Injinta, irin OM 352 mai silinda shida da ya fito a 1964, famfon mansa na Bosch da ƙarfe da sifirin yake aiki, ba ya jiran umurnin kwamfuta. Alhali injin zamani, wanda ke tura gazuwal da matsin da ya kai ma'aunin bar 2,000, ɗan ruwa ko ƙura ƙalilan suka shiga masa sai ya kwanta, ba kuwa mai tayar da shi sai wanda ya zo da na'urar bincike. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini tun 2011, amma man da ya bar tasha ya shiga duro, daga duro ya shiga jarka, ya yini a rana a kasuwar ƙauye, ba shi ne man da ya fito daga matata ba. Idan tsohuwa ta shaƙi iska a dokar daji, yaron mota yakan sassauta noti ɗaya a kan matatar mai, ya yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ya ƙare mai ya fito sumul, ya ɗaure, maigidansa ya murɗa makulli, a ci gaba da tafiya. Wannan falala, watau kasancewar motar abar fahimta ga mai hannu da hankali, ita ce jarin da bai kamata wani gyara ya salwantar ba.

To, a nan ne nake ganin galibin masu motoci suke kifar da tartibi. Alhaji yakan shigo gareji da buƙata biyu a bakinsa, a ƙara wa inji ƙarfi, a ƙara wa sifirin ganye, idan makanike mai tsoron Allah ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri mu fara duba birki da shasi," sai ka ji an amsa, "Maigida, birki ai yana kamawa, kai dai ka sa ta ja kaya." Fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala da Muhtasar a zaurukan unguwar Birni ta Zinder, sun daɗe da warware asalin wannan mas'ala a kan dabbobi: mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk masu lamuni ne ga abin da ta taka, wanda ya yi hayarta ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, biya ya hau kansa, mai sana'a kuma yana lamunin abin da aka damƙa masa. Fatawa ta malamai ce, amma ƙiyasin a fili yake, kuma natijarsa ita ce abin da ke tsare rayuka shi ne wajibi, abin da ke ƙara riba kuwa iyakarsa mustahabbi, ba a kuwa gabatar da mustahabbi a kan wajibi.

Wajibi na farko shasi ne. Tsofaffin makanikai suna da dabarar da ba ta cin kuɗi: a sauke bodi, a kankare ƙarfen, a shafe shi da kananzir, a goge, sa'an nan a barbaɗa garin alli, duk inda tsaga take, ko da ta fi gashi siranta, kananzir ɗin da ya ɓuya cikinta zai tsattsafo ya zana baƙin layi a kan farin allin. Wuraren da aka fi samunta su ne gindin maratayin sifirin da bayan ɗakin direba. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a kira mai walda ya bi leɓen shasi da wuta a gicciye, alhali zafin yana canza ɗabi'ar ƙarfen, ba da jimawa ba sabuwar tsaga ta fito a gefen ɗinkin. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne a huda ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba, a shigar da wani ƙarfe mai siffar shasin daga ciki, a ɗaure da kusoshi masu ƙarfi, domin shasi an yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan a kan hanyar da ba kwalta, wanda kuwa ya sandarar da shi a wuri guda ya zaɓa masa inda zai karye.

Sai birki, wanda a nan ne zamani ya zo da alheri maras shubuha. Da yawa daga tsofaffin matsakaitan motoci iska ce ke tura man birki. Bututu ɗaya ya fashe, ko roba ta tsufa, sai direba ya taka ya ji wayam. Tsarin da ya wajaba a koma gare shi shi ne na iska mai hanya biyu, gaba daban baya daban, tare da tukwanen nan na baya masu ƙaƙƙarfan sifirin a ciki, waɗanda iska ce ke riƙe su a buɗe, ta yadda idan iskar ta zube sai birkin ya kama da kansa maimakon ya saki. A haɗa da sitiyari mai taimakon mai, da taya marar tib a kan gangariyar rim guda, a rabu da rim mai zobe wanda idan ya kuɓuce wajen ba da iska yakan yi kisa. Fitilu masu haske da tef mai walƙiya a bayan bodi kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ga wanda ya san yadda ake cin karo da motar da ta mutu a duhu a kan hanyar Gure.

Bayan wannan sai abin da ƙasarmu ta keɓanta da shi, watau ƙura da zafi. Tsohuwar matatar iska mai kwanon mai tana da kirki, domin wanke ta ake yi ba saye ba. Wanda ya fi son ta takarda, wadda ta fi tacewa, to, lalle ya ɗaga bakin shaƙar sama da rufin ɗaki, ya sa masa kwanon nan mai juya iska ya zubar da yashi tun kafin ya shiga, in ba haka ba hunturu ɗaya ya ishe ta. A ƙara matatar da ke raba ruwa da gazuwal, a faɗaɗa lagireto, a cire tsohon dinamo a sa altaneta domin batir ya riƙa cika ko inji na tafiyar hawainiya. Duk waɗannan ana samun kayansu a Zinder, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma babu ɗaya cikinsu da ke raba motar da sauƙin gyaranta.

Canjin inji shi ne na ƙarshe, kuma a ra'ayina mubahi ne da sharaɗi. Ɗaukar OM 366, magajin OM 352 da ya fito a shekarun 1980, abu ne mai ma'ana, domin danginsu ɗaya, mazauninsu kusan ɗaya, famfonsa kuma na ƙarfe ne. Amma a ciro injin babbar tirelar zamani a cusa wa motar tan 11, giya da kulochi da aksul suna nan yadda Jamusawa suka auna su domin doki 130, wannan israfi ne, kuma haƙoran giya ne za su fara biyan diyya. Haka nan ƙarin ganyen sifirin da ɗaga katakon bodi har ya yi tsawon soro: motar takan daina durƙusawa a ido, amma aksul da taya da birki ba su san an yi ƙari ba, nauyin kuma ya koma sama inda kwana ɗaya mai yashi za ta kifar da shi. Cutarwar ba ta tsaya ga mai mota ba. Gwajin hanya da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninku kusan sau 16. A kan irin wannan hujja ce ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka kafa doka mai lamba 14 a 2005, wadda ta iyakance nauyin kowane aksul, ta kuma tsayar da tirela mai aksul shida a kan tan 51.

Motocin Sin irin su Howo da Shacman sun cika manyan hanyoyi, kuma a jigilar Yamai ko ta Agadas tsohuwa ba za ta yi gasa da su a sauri ko a yawan kaya ba. Gurbinta shi ne hanyar burji da turbaya, tsakanin gona da kasuwa, inda tafiya gajera ce, makanike kuwa na nesa. Wanda ya gama aikin da muka zayyana, saura ya kai motar a sauya lambar inji a takardunta, a yi mata gwajin lafiya na hukuma, a sanar da masu inshora, domin idan ƙaddara ta afku aka tarar lambar da ke jikin ƙarfe ta saɓa wa ta takarda, suna iya ƙin biya, diyyar kuwa ta dawo kan mai mota shi kaɗai.