Rufi Mai Shuke-Shuke da Kariyar Ɗalibai: Abin da Manhaja Za Ta Iya Ɗauka

Akasarin azuzuwan makarantun firamare a ƙasar nan rufin kwano gare su, wasu ma babu silin. Daga watan Maris zuwa Mayu kwanon yakan ɗauki zafin rana ya sauke shi kan yara, ta yadda da zarar hantsi ya dubi ludayi hankalin ɗalibi ya bar allo. Ɗaya daga cikin dabarun da masana gine-gine suka fito da su domin magance wannan matsala ita ce shuka tsirrai a kan rufi. Wasu na kiran wannan "koren rufi", amma a ganinmu "rufi mai shuke-shuke" ya fi dacewa, domin na farkon zai sa Bahaushe ya zaci fenti ake nufi.

Yadda ake yin sa shi ne, a fara shimfiɗa abin da zai hana ruwa da saiwa ratsa ginin, a bi shi da tsakuwa ko makamanciyarta domin tsanewar ruwa, sannan a zuba ƙasa marar nauyi mai kaurin santimita 5 zuwa 15, a shuka tsirrai masu jure fari. Ganyen yana yi wa rufin inuwa, ruwan da yake fitarwa kuma yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Ta haka buƙatar fanka da na'urar sanyaya ɗaki take raguwa. A Jamus aka bunƙasa dabarar a zamanance. Birnin Basel na Suwizalan ya wajabta ta ga sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi a 2002, Toronto ta Kanada kuma ta yi tata dokar a 2009.

Sai dai akwai hanzari. Idan ƙasar ta jiƙe, nauyinta yakan kai kilo 60 zuwa 150 a kowane murabba'in mita. Katakon da ke riƙe da kwano ba zai iya ɗaukar wannan ba, kuma duk wanda ya tuna ruftawar ginin wata makaranta a Jos a watan Yulin 2024, wadda ta ci rayuka 22, ba zai yi wasa da maganar nauyi ba. Saboda haka kada a ɗora ƙasa a kan kowane aji sai injiniya ya duba ya amince. Ga kuma rani mai tsawo da ke buƙatar ban ruwa. Abin da ya fi sauƙi a wurinmu shi ne a kafa rumfa ta gefen yamma, a bar tsirrai masu yaɗo su hau ta, a kuma shuka darbejiya ɗan nesa da bango. Makarantar da Francis Kere ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001 ta nuna wata hanyar: an ɗaga kwano sama da silin na tubalin ƙasa, iska tana ratsawa ta tsakani.

Ta fuskar kariya kuwa, gobarar da ta hallaka yara 20 a azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilun 2021 ta nuna cewa rashin mafita yana kisa kamar wutar kanta. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai: ƙofa ta riƙa buɗewa ta waje, kada a toshe dukkan tagogi da ƙarfe, a ajiye bokitin yashi, malami ya riƙe usur da rajista, a kuma gwada fitar gaggawa sau ɗaya kowane zango. Manufar ƙasa ta 2021 kan tsaron makarantu ta ba da hurumin yin hakan.

Malamin Hausa yana da rabo babba a nan. Kalmomi irin su soro, azara, indararo, yaɓe da makuba suna ɓacewa daga bakin yaran birni, alhali magina na gargajiya da su suka yaƙi zafi tun kafin zuwan kwano. Ana iya sanya su cikin darasin auna fahimta a aji 4 zuwa 6, a tura ɗalibai su tattauna da wani magini, sannan su auna zafin aji da na ƙarƙashin bishiya da ƙarfe 1 na rana har tsawon mako guda, su rubuta insha'i a kan abin da suka gano.