Aiki Daga Gida Da Raunin Yarda Tsakanin Ma'aikata

Tun da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, har Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikata masu matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, masana ke nazarin abin da kaɗaici ke yi wa yarda tsakanin abokan aiki.

Kamfanin Microsoft na Amurka ya bi diddigin ma'aikatansa fiye da 61,000 daga Disamba 2019 zuwa Yuni 2020. An tarar kowa ya ƙara liƙe wa 'yan sashensa, hulɗa da sauran sassa kuwa ta ragu da wajen kashi 25 cikin ɗari. Wato gaisuwar bakin ƙofa da hirar lokacin cin abinci, inda ake gane halin mutum, sun kau, aka koma ga saƙon kwamfuta wanda ba ya nuna fuska.

Daga nan zato ya shigo. A wani binciken kamfanin na 2022, kashi 87 cikin ɗari na ma'aikata sun ce suna aiki tuƙuru, amma kashi 85 na shugabanni suka ce da wuya su gaskata haka.

Maimakon neman hanyar ganawa, waɗansu kamfanoni sai suka sa manhajar da ke ƙidaya taɓa madannan kwamfuta, abin da lalle ba ya auna ingancin aiki. Ma'aikata su ma suka koyi dabara. A 2024 bankin Wells Fargo ya kori fiye da mutum 12 bisa zargin sa madannai su nuna kamar suna bakin aiki.