Matsalar Bin Salsala Ta Hanyar Sunan Zuriya: Misali Daga Wels Da Sikotland

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa sunan zuriya a ƙasashen Wels da Sikotland hujja ce ga mai nazarin harshe, amma ba ya wadatar da mai bin salsala.

Harsunan Welshanci da Gelik tushensu ɗaya, wato iyalin Keltik. Kalmar da ke nufin "ɗa" ita ce mab a Welshanci, mac kuma a Gelik, kuma duk daga saiwa guda suka tsiro. A Wels, mab ta gajarce ta koma ab ko ap, ana sanya ta tsakanin sunan mutum da na mahaifinsa, ta yadda suna ke sauyawa daga tsara zuwa tsara. Bayan dokokin da suka haɗe Wels da Ingila a zamanin Sarki Henry na Takwas, a ƙarni na 16, sai aka fara riƙe suna guda ana gadonsa. A nan wasalin farko ya shafe, baƙin ya manne wa sunan uba: ap Rhys ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell, ab Owen ya zama Bowen. Wasu kuwa ɗafa-ƙeyar -s ta Ingilishi suka ɗauka, aka sami Jones da Williams da Evans. Da yake sunayen yanka kaɗan ne ake ta maimaitawa, gidaje barkatai da ba su haɗa jini ba suka tashi da suna ɗaya.

Al'amarin Sikotland ya fi sarƙaƙiya. Talaka kan ɗauki sunan shugaban dangin da ya fake a inuwarsa, don haka ba kowane MacDonald ba ne jikan Donald. Campbell ma laƙabi ne, ma'anarsa "karkataccen baki". A 1603 Sarki James na Shida ya haramta sunan MacGregor, masu shi suka ɓuya a ƙarƙashin sunaye irin su Murray da Drummond, kuma ba a ɗage haramcin gaba ɗaya ba sai a 1774.

Rajistar haihuwa ta hukuma ta fara a Wels a 1837, a Sikotland a 1855. Kafin nan, dole mai bincike ya koma ga littattafan coci, inda uba da ɗansa kan bayyana da sunaye mabambanta a shafi guda.