Hukuncin Sifiri a Babin Rabawa

Daga cikin mas'alolin ilmin hisabi waɗanda ke rikitar da almajiri, har wani lokaci su sa malaminsa ya yi jim kafin ya ba da jawabi, da wuya a sami wadda ta kai ta sifiri. Gama a babin tarawa da na ɗebewa ba ya ta da husuma, amma da zarar an shiga babin rabawa sai hukuncinsa ya kasu biyu, ya halatta ta wata fuska, ya zama mustahili ta wata.

Mabuɗin al'amarin shi ne a san abin da ake nufi idan an ce wani adadi yana shiga wani. Idan muka ce 3 tana shiga 12, manufarmu ita ce akwai cikakken adadi wanda in an ninka 3 da shi za a sami 12 ba tare da saura ba, watau 4. Malaman fara'idi, masu rabon gado, sun daɗe da sanin wannan nisba, ita ce suke kira tadahuli.

To, bari mu auna sifiri da wannan ƙa'ida. Shin 7 tana shiga sifiri? Lalle tana shiga, domin 7 sau 0 sifiri ne, kuma babu saura. Haka 40, haka 1,000, haka kowane adadi da hankali zai iya kawowa. Wanda ya zo da ƙwaryar goro babu ko ƙwara ɗaya a ciki, aka ce ya raba wa mutum bakwai, ai kowa zai tashi hannu rabbana, kuma ba wanda zai yi ƙorafin an fifita wani a kansa. Daga nan ne ya tabbata cewa sifiri shafa'i ne ba wuturi ba, tun da 2 tana shigarsa, ko da yake mutane da yawa sukan yi shakka a kan haka.

Amma idan aka juya mas'alar, aka ce a raba 12 da sifiri, to an nemi adadin da za a ninka sifiri da shi a sami 12, alhali kuwa duk abin da aka ninka da sifiri sifiri yake komawa. Saboda haka jawabin ba ɓoye yake ba balle a ce wani gwani zai tono shi wata rana, babu shi ne sam. Raba sifiri da sifiri kuwa, cutarsa kishiyar wannan ce, domin 1 ta cika sharaɗi, 9 ta cika, 500 ma ta cika, kuma tambayar da kowane adadi ke amsa ta ba ta da tsayayyen jawabi. Wanda ya yi sakaci da wannan zai iya cewa tun da 1 sau 0 daidai yake da 2 sau 0, a soke sifirin kowane ɓangare, sai ga shi ya kafa hujja cewa 1 daidai take da 2.

Kada mai karatu ya zaci magabata sun wuce wurin nan ba tuntuɓe. Brahmagupta, masanin ƙasar Hindu wanda ya tsara ƙa'idodin sifiri a shekara ta 628, kusan ƙarni biyu kafin Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na hisabin Hindu a Bagadaza, ya yanke cewa sifiri a raba da sifiri sifiri ne. Bhaskara, a ƙarni na 12, ya tafi a kan cewa adadin da aka raba da sifiri yakan zama abu marar iyaka. A ganina wannan yana da uzuri, domin 12 a raba da ushiri 120 ce, a raba da ɗaya bisa ɗari 1,200 ce, jawabin yana ƙaruwa muddin abin rabawar yana ƙanƙancewa. Sai dai marar iyaka ba adadi ba ne da za a ninka shi da sifiri ya mayar mana da 12 ɗinmu.

Akwai kuma inda ake fitar da sifiri da gangan. Mai rabon gado, idan rubu'i da sudusi suka haɗu a mas'ala guda, yakan nemi mafi ƙanƙantar adadin da 4 da 6 ke shiga, ya sami 12, ya mai da ita asalin mas'ala. Bisa ga abin da ya gabata, 4 da 6 duka suna shiga sifiri, shi kuwa ya fi 12 ƙanƙanta. Da za a karɓe shi, da asalin kowace mas'ala ya zama sifiri, rubu'insa sifiri, sudusinsa sifiri, ba magajin da za a iya fitar wa da rabonsa. Shi ya sa masana hisabi suka sharɗanta cewa adadin da ake nema a nan dole ya kasance sama da sifiri.