Hoton Zuciya Da Wuya Na Iya Ceton Mai Jego

Daga Wakilinmu

A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, idan mai jego ta kumbura tana haki, akan ce sanyi ne ya shige ta, alhali kuwa wani lokaci zuciyarta ce ta gaza. Likitoci Davidson da Parry sun bayyana wannan ciwo a Zariya cikin shekarun 1970.

Mai koyon aikin hoto zai fara duban wuya. In jijiyoyin gefen wuya sun cika sun taso tana kishingiɗe, alama ce jini ya taru, zuciya ta kasa tura shi. A hoton ƙirji kuwa, wanda aka ɗauka ta baya tana tsaye, bai kamata faɗin zuciya ya wuce rabin faɗin ƙirjin ba. Sai na'urar eko mai aiki da sauti, wadda ke nuna ɗakunan zuciya huɗu. In ɗakin hagu na ƙasa bai fitar da kashi 45 cikin ɗari na jininsa a kowane bugu ba, zato ya ƙarfafa.

Saboda haka wajibi ne maigida ya gaggauta kai irin wannan mace babban asibiti a Gusau ko Sakkwato.